Ruwan Gidan Mai Keke

Ga ta nan, ga ta nanku, ta sha guga tana sanye da kaki.

Ta zo mu sara mata, sannan mu ji abin da ke tafe da ita.

To, ku gyara zama. A wani barikin soja, bayan filin fareti, dab da inda ake wanke motoci, akwai wani dogon gini mai ɗaki uku da baranda ɗaya. Shi ne ofishin malaman addini. Ɗakin farko na Liman ne, na tsakiya na Fada, na ƙarshe na Fasto. Fanka ɗaya ce mai rai a duk ginin, saboda haka kullum tana yawo daga ɗaki zuwa ɗaki kamar baƙuwar da ba a yanke wa masauki ba. Butar shayi ma ɗaya ce, kuma har yau ba a gano wanda ke shanye sukarin ba, ko da yake Fasto ne kaɗai ɗamara ke ƙara matse wa.

Kada ku ɗauka malaman gari ne ake gayyatowa su yi addu'a su koma gida. Sojoji ne su ma. Sun je horo, an aske musu kai, sun yi tsallen kwaɗo kamar kowane kurtu. Liman Manjo ne, Fasto Kyaftin. A wuyan rigar Liman akwai jinjirin wata, a na sauran biyun akwai gicciye. Kowannensu yana da babbansa can a hedikwata, amma a cikin bariki Kwamanda suke amsa wa. Bindiga ce dai ba sa riƙewa, kuma ba sa ce wa soja harba ko kada ka harba. Nasu shi ne addu'a ranar fareti, duba marasa lafiya, leƙa waɗanda aka kulle a gadurum, da raba faɗan miji da mata, wanda Liman ke cewa ya fi filin daga haɗari. Abin da soja ya faɗa a cikin ɗakunan nan uku, ko Kwamanda ba ya tambayar sa. Idan kuma bataliya za ta fita, sai ɗayansu ya ɗauki jakarsa ya bi ta, bi da bi suke yi. A lokacin da nake ba ku labari Fada ne ya tafi, ɗakinsa na kulle, fanka ta samu sauƙin yawo.

Liman da Fasto maƙwabtan juna ne a ofis da gida, kuma ba sa gajiya da tsokanar juna.

"Maƙwabci," in ji Liman, "jiya gangar cocinku ta hana ni barcin rana."

"Yallabai, ramuwa ce. Ladaninka ya tashe ni tun zakara bai yi shawarar cara ba."

"Ai taimakon ka yake yi, ka tashi ka rage tumbi."

"Da ba Manjo kake ba da na ba ka amsa."

Amma akwai aiki ɗaya da ba sa wasa a kansa. Idan soja ya faɗi a bakin aiki, su ne ke kai labari gida. Kuma abin yana da ƙa'ida. Su biyu suke tafiya, cikin kayan fareti. Malamin addinin gidan shi ke magana, ɗayan kuwa ya tsaya kusa, ko da wani zai yanke jiki. Ba a faɗa ta waya, ba a faɗa ta taga, ba a faɗa a tsaye. Ba wanda zai ji kafin mai haƙƙi ya ji. Sannan akwai wata ƙa'idar da ba a rubuta ba, Liman ya gaje ta wurin tsohon da ya koya masa aiki: ba sa shan ruwan gidan da suka kai wa mugun labari. Tsohon yana cewa mai gida yakan ruga ɗebo ruwa ne don ya jinkirta abin da zuciyarsa ta riga ta sani, kuma bai kamata ka bar mutum ya yi maka hidima da hannun da za ka sa ya ɗora a ka ba.

Matan bariki kuwa sun haddace wannan duka fiye da masu shi. Idan aka ga Liman shi kaɗai a layin gidaje, sai a ce wani ya sake yin rantsuwar saki. Idan Fasto ne shi kaɗai, wata ce ta haihu ko wani ya daina zuwa coci. Amma su biyu a jere, cikin kayan fareti, suna tafiya a hankali? Nan take layi ke yin tsit, kowace mace ta tsaya a bakin ƙofarta tana roƙon Allah su wuce ta.

A ƙarshen layi na can ƙasa akwai wata dattijuwa da ake kira Mai Keke. Keken ɗinki gare ta a gindin tagar ɗakinta, kuma duk igiyar da ke hannun soja da aninin da ke kafaɗar hafsa a barikin nan ita ta ɗinka su. Mace ce mai baki, ga hawan jini. Mijinta Saje ne, ya rasu a bakin aiki tun ɗansu yana rarrafe, kuma Liman ne ya kai mata labarin, lokacin gemunsa bai san furfura ba. Ran nan ta ruga ta kawo masa ruwa a kofi. Ya ce, "Ajiye ruwan, ki zauna." Tun bai ƙara kalma ba ta gane.

Ta bar bariki ta yi rainon ɗanta. Yaro ya girma, duk sana'o'in duniya bai ga wadda ta yi masa ba sai ta ubansa. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta haƙura. Da ya zama Kofur aka ba shi gida, sai ya ɗauko ta da kekenta suka dawo. Ita ta ɗinka masa igiyoyinsa biyu da hannunta, tana yi tana mita.

Duk sa'ad da Liman ya kawo mata gyaran riga, sai ta ce, "Malam, da na ba ka ruwa, amma na san ka raina ruwan gidana."

Shi kuma ya ce, "Ki dai ɗinke mini maɓallin da kyau, wancan karon a tsakiyar huɗuba ya tashi."

"Ba laifin zare ba ne. Ka daina zama kusa da Fasto, ƙibarsa naso take."

To, ana nan sai aka kai wa motocin bataliya hari a wata hanya mai nisa, kuma da ƙura ta lafa ba a ga Kofur, ɗan Mai Keke, ba. Ba a ga gawa ba, ba a gan shi ba. Makonni suka shuɗe. Mai Keke ba ta yi kuka a gaban kowa ba, sai dai kekenta ya daina hutawa. Tun safe har la'asar kana jin ƙararsa, ko da ɗinki ko babu. An ce har labulen ɗakinta ta warware ta sake ɗinke shi.

Wata safiya Kwamanda ya aika a kira malaman biyu. Suka shiga, suka ƙame, suka sara.

"Ku zauna," in ji shi. "An ga Kofur. Wasu makiyaya ne suka tsince shi suka ɓoye shi har ya iya magana. Yana asibitinmu na can, ƙafa ce ta karye, amma da ransa. Labarin wanda ya ɓace ta ofishinku yake bi, ko wane iri ne. Ku je ku gaya wa uwarsa."

Suka fito baranda. Liman ya tsaya ya dafa ginshiƙi.

"Yallabai, lafiya?"

"Maƙwabci, saura kaɗan in ajiye aiki. Tun da na sa kakin nan ban taɓa ƙwanƙwasa ƙofa da irin wannan a bakina ba. Ba wanda ya taɓa murnar ganina a ƙofar gidansa. Kuma ka ga gidan da Allah ya zaɓa."

"Ai sai mu ruga."

"Ruga? Wannan labarin ya fi ƙarfin a kai shi da kayan aiki masu warin zufa. Je ka sa kayan faretinka. Yadda muke girmama mugun labari, ai mai daɗi ya fi cancanta."

Fasto ya ce gaskiya ne, wannan magana ta yi. Kun ji fa, manyan malamai biyu, kowanne da tarin littattafai a ɗakinsa, ba wanda ya tsaya ya ce anya. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, kuma ba ya tambayar muƙamin wanda ya ɗaure.

Liman ya shiga gida ya ce wa matarsa a goge masa kayan fareti. Ta dube shi, ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta.

"Inna lillahi. Gidan wa?"

"Kin san ba na faɗa."

Ta goge kayan ba ta ƙara tambaya ba. Yana ɗaura igiyar takalmi ya ga ta ɗauko babban mayafinta da carbi, amma hankalinsa na can wurin tsara kalmomin da zai faɗa. Ko a jikinsa.

Suka haɗu a bakin layi, takalma na ƙyalli, suka jera. Ƙafafunsu kuma suka ɗauki tafiyar da suka saba, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Wata mai shanya ta saki zanin da ke hannunta ya faɗi ƙasa. Wata ta ja 'ya'yanta ciki. Masu wanke-wanke a bakin famfo suka bar ruwa na zuba.

"Yallabai," Fasto ya ce a hankali, "ka ga yadda ake kallon mu?"

"Ai mun yi kyau ne."

"Ina ganin ya kamata mu ɗan yi murmushi."

"Yi mana. Ni fuskata ta manta yadda ake yi cikin kayan nan."

Fasto ya yage baki. Wata mata ta dafa ƙirji ta ce da maƙwabciyarta, "Dubi Fasto, bawan Allah, kuka yake dannewa har bakinsa ya karkace."

Duk ƙofar da suka wuce sai ka ji an sauke ajiyar zuciya, sannan mai ƙofar ta biyo bayansu. Kafin su kai ƙarshen layi sun yi jela mai tsawo. Ƙarar keke kuwa tana ta tashi daga gidan ƙarshe, tana ta tashi, sai ɗif. Labule ya motsa. Suka ji an ja sakata ta sama, an ja ta ƙasa.

Liman ya yi gyaran murya ya yi sallama. Shiru. Ya sake yi.

"Ba kowa," aka ce daga ciki.

"To wa ke magana?"

"Keken ne."

"Mai Keke, buɗe mana, wurinki muka zo."

"Na san wurina kuka zo, ai ba makauniya ba ce ni. Malam, ka juya. Ka taɓa zuwa mini sau ɗaya da kayan nan, ya isa. Na san ƙa'idarku, ba ku faɗa sai an buɗe, sai an zauna. To ba zan buɗe ba, ba zan zauna ba. Muddin ƙofar nan na rufe, ɗana yana nan yadda na san shi. Ku tsaya nan har gemunka ya taɓo ƙasa."

Sai a lokacin Liman ya dubi rigarsa, ya dubi ta Fasto, ya waiwaya ya ga matan layi sun yi cirko-cirko.

"Maƙwabci," ya ce ƙasa-ƙasa, "mun yi aika-aika."

"Mun yi? Ni Kyaftin ne kawai, umarni na bi."

Fasto ya matsa jikin ƙofa. "Mama, ni ne. Allah ne shaidata, alheri ne ya kawo mu."

"Ku malamai har mutuwa alheri kuke ce mata. Ya huta, ya riga mu gidan gaskiya, ya tafi inda ya fi nan. Wancan karon ma da na ce lafiya, lafiya lau Malam ya ce mini. Ko ba haka ka ce ba?"

Liman ya sunkuyar da kai. Haka ya ce, ba ƙarya ta yi masa ba.

Zafin rana ya sa Fasto ya cire hularsa don ya share goshi. Nan take kuka ya ɓarke a bayansu, don a wurin matan bariki hafsa ba ya tuɓe hula a ƙofar gida a banza.

"Mai da hular nan," in ji Liman ta tsakanin haƙora.

Akwai wata mata da ake kira Uwar Layi, matar Samanja, wadda ba a suna ba a biki ba a makoki sai da izininta. Ita ba ta ɓata lokaci wurin kuka. Tuni ta sa an fara fito da tabarmi ana shimfiɗawa a inuwar gidan, ta aika a aro kujeru da babbar tukunya. Ta matso ta ɗan rusuna.

"Allah gafarta Malam, za a kawo shi nan ne, ko can aka yi komai?"

"Ba zan ce komai ba sai uwarsa ta ji."

Ta juya ta ɗaga wa mata hannu. "Shi ke nan, ya tabbata. Ku ƙaro tabarmi."

"Ban ce ya tabbata ba."

"Na sani, Malam, ai ba ku faɗa."

Yana cikin wannan sai ya hango matarsa ta zauna a kan tabarmar farko, ta lulluɓe da babban mayafi tana jan carbi. Ya zare mata ido. Ta girgiza kai cikin tausayi, wai maigida ya shiga damuwa.

Fasto ya ja shi gefe. "Yallabai, mu daina wahalar da baiwar Allah. Bari in ɗaga murya in faɗa kowa ya huta. Kalma biyu ce."

"Ka san jininta. Labari mai daɗi ma yana kayar da mutum. Idan ta faɗi a bayan ƙofa mai sakata biyu, kai za ka shiga ta taga? Da wannan tumbin?"

"To in koma ofis, a gan ka kai kaɗai."

"Za su ce ka tafi ɗauko motar gawa. Kuma ko ka faɗa ba za ta yarda ba, cewa za ta yi dabara ce don ta buɗe. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake. Duk kalmomi masu daɗi mun ƙarar da su wurin lallashin mutane kafin mu faɗa musu marar daɗi. Yau da muke bukatar su ba su da sauran daraja."

Suka koma bakin ƙofa. Liman ya sake kiran ta. Wannan karon ba ta amsa da baƙar magana ba, ba ta amsa da komai ba. Ya kara kunne. Ya ji jiki ya sulale a jikin ƙofa har ƙasa, ya ji numfashi na fita da ƙyar, da wata siririyar murya tana kiran ɗanta da sunan da take kiran sa yana goye. Zufa ta jiƙa wuyan rigar Liman, jinjirin watan nan ya manne masa a fata. Ga shi da abin da ya fi komai daɗi a bakinsa, katako ɗaya ne tsakaninsa da mai shi, kuma kowane numfashi da ta ja laifin kayan faretinsa ne.

Wata amaryar soja, sabuwar zuwa bariki, ta ga dattijo yana haɗiyar yawu da ƙyar. Ta ruga gidanta ta ɗebo ruwa ta durƙusa ta miƙa masa. Uwar Layi ta fizge kofin.

"Ke, ba a gaya miki ba? Ba sa sha in sun zo irin wannan."

Liman ya bi kofin da kallo har aka mai da shi. Sai ya jawo ɗan bencin da sojoji ke zama suna jiran ɗinki, ya ajiye shi a bakin ƙofa, ya zauna ya miƙe ƙafafu kamar wanda ya zo hira.

"Mai Keke," ya ce da muryarsa ta kullum, wadda yake cinikin maɓalli da ita. "Ƙishirwa ta kama ni. Ki taimaka mini da ruwa. Na gidanki nake so."

Ba a amsa ba. Amma numfashin ya canza.

"Rana ta yi zafi, kayan nan kuma ba sa shan iska. Ko rabin kofi ne."

"Malam." Muryarta ta fito daga bayan ƙofa. "Kai ne fa ka ce in ajiye ruwan."

"Ni ne."

"Ba ka shan ruwan gidan da ka kai wa..."

"Ba na sha. Har yau ban canza ba."

Fasto ya riƙe numfashi har ɗamararsa ta samu sarari.

"Kada ka yi wasa da hankalina, Malam. Na tsufa."

"Kin daɗe da sanin barikin nan. Ki tambayi matan da ke bayana, akwai wadda na taɓa sha a gidanta ranar da bai kamata ba? Na yi miki lafiya lau ta ƙarya, na yarda. Amma maƙogwarona bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba."

Suka ji an dafa ƙofa an miƙe. Takun ƙafa ya yi ciki, murfin randa ya yi ƙara, takun ya dawo. Sakatar ƙasa ta zame, ta sama ta bi ta.

Ta fito ba ɗankwali, riƙe da kofi da hannu biyu. Rabin ruwan ya riga ya zube, sauran yana tsalle, har ya ɗiga a kan takalmin da aka sha wahalar gogewa. Idonta na kan bakinsa. Liman ya karɓa, ya yi bisimilla, ya kafa kai bai sauke ba sai da ya ga gindin kofin. Ya kife shi ya nuna mata.

"Ni fa, Mama?" in ji Fasto. "Ni ma aiko ni aka yi."

Wani sauti ya fito daga bakinta, ba dariya ba, ba kuka ba. Ta yi baya za ta faɗi, Fasto ya tare ta, ai dama aikinsa ke nan. Suka shiga da ita ciki suka zaunar da ita a kujerar keken, suka turo ƙofa. Liman ya durƙusa a gabanta yadda idonsu zai haɗu, kamar yadda ƙa'ida ta ce.

"Ɗanki yana raye. Yana asibitin soja, yana ci yana sha yana magana. Ƙafarsa ce ta karye."

Ta rufe fuska da tafin hannu ta daɗe, kafaɗunta na rawa. Ba wanda ya hanzarta ta. Da ta ɗago sai ta ce, "Wace ƙafar?"

Liman ya dubi Fasto. Fasto ya dubi silin.

"Ba ku tambaya ba. Mutum biyu, Manjo da Kyaftin." Ta share ido da gefen zani, bakin nan nata ya fara dawowa. "Kuma wa ya ce ku sa kayan nan? Uban wa ya rasu?"

"Girmama labarin muka yi," in ji Liman.

"Kun kusa girmama ni har kabari. Da ka zo mini da silifas kana gudu, da wa zai kama ka?"

"Na gaya masa, Mama," in ji Fasto.

"Maƙwabci, ka ji tsoron Allah."

Ta ɗebo wa Fasto nasa ruwan, a babban kofi, ta ce daidai cikinsa. Sannan ta ɗaura ɗankwali ta buɗe ƙofa. Layi gaba ɗaya ya miƙe tsaye, wasu har sun fara Allah ya ba da haƙuri.

"Ku riƙe haƙurinku, zai yi muku amfani wurin mazajenku," in ji ta. "Ɗana yana nan da ransa."

Abin da ya biyo baya ba sai na faɗa ba, har masu gadin ƙofar bariki sai da suka aiko a ji ko lafiya. Uwar Layi ta tsaya riƙe da tabarma a hammata, ta rasa inda za ta sa kanta, sai ta ce tun da an riga an shimfiɗa kuma tukunya ta iso, ba wanda zai tashi, a ɗora girki. Matar Liman ta naɗe carbinta ta zo dab da kunnensa.

"Malam, da ka ce mini in bar mayafin ai ba ka fasa sirri ba."

"Ban lura ba."

"Ka taɓa lura?"

Ranar dai Liman ya sha ruwa a gida bakwai ko takwas, don kowace mace ta rantse sai ya sha nata, kuma bai ƙi ko ɗaya ba.

Kofur ya dawo bayan wata biyu yana ɗingishi, ta hagu ce ashe. Aka mai da shi sito yana raba barguna da takalma, ya yi aure, uwarsa ta samu sabuwar abokiyar mita. Liman ya ajiye aiki a ƙarshen shekarar ya koma gari, yana limancin wani ƙaramin masallaci, kuma har yanzu wurin Mai Keke yake kawo gyaran riga, ta ba shi ruwa ko yana so ko ba ya so. Fasto ya zama Manjo, ya gaji ɗakin farko da fankar, kuma tun daga ranar idan labari mai daɗi ne da kayan aiki yake tafiya, riƙe da kofi a hannu yadda za a hango shi tun daga bakin layi. Sabon limamin da aka turo ya tarar da abin haka, ya sayi nasa kofin. Fada ya dawo daga daji lafiya, ya ji haushin an yi ba da shi ba, ya kuma gano cewa sukarinsa ma an shanye. Uwar Layi tana nan tana mulkinta, sai dai yanzu takan jira a faɗa kafin ta aika aron tukunya. Mai Keke kuwa ta ɗinka wa ɗanta igiya ta uku da hannunta, kekenta ya koma hutawa da rana.